Filin Lahadi da Filin Kullum

Ƙungiyar da ke buga gasar NPFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya da ke da kulob 20, wasa 19 take yi a gida a kakar wasa guda. Minti 90 sau 19 bai cika awa 29 ba. Atisaye kuwa, kwana biyar ko shida kowane mako, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, har tsawon wata goma, yana cin tsakanin awa 300 da 500. Wannan lissafin na manyan 'yan wasa ne kaɗai. In aka haɗa da na yara 'yan ƙasa da shekara 17 da 15 da 13, sai adadin ya ninka sau uku ko huɗu. Duk da haka, in ana hirar ƙwallo a majalisa aka zo maganar wurin wasa, sitadiyam kawai ake nufi.

Katsina ba ta rasa sitadiyam ba. Filin Karkanda, wanda aka kammala a 2013 zamanin Gwamna Ibrahim Shema bayan ya daɗe a yashe, daga baya aka sa masa sunan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana ɗaukar mutum kimanin 35,000, kuma nan ne gidan Katsina United. Gini ne na fita kunya. Amma kulob na gaske wuri uku yake buƙata: inda zai yi wasa, inda zai yi atisaye, da inda zai reni yara. A garuruwanmu na arewa mun saba ɗora wa fili guda nauyin ukun, mu ƙara masa da wasan ƙarshe na gasar unguwanni, da fareti, da taron siyasa. Babu filin da zai ɗauki wannan ya rayu, na ciyawa ne ko na roba.

Bari a fara daga ƙasa. A wasannin ƙasa da ƙasa doka ta yarda tsawon fili ya kama daga mita 100 zuwa 110, faɗi daga 64 zuwa 75, amma ma'aunin da aka fi bi shi ne 105 da 68, wato murabba'in mita 7,140. Filin atisaye na manya ya zama daidai da na wasa, ba ƙari ba ragi, domin ƙafar ɗan wasa tana haddace nisa. Wanda ya yi mako yana jefa ƙwallo a fili mai faɗin mita 60, ranar Lahadi jifarsa za ta riƙa gazawa. Tsawon filin ya miƙa kudu da arewa. Wasanninmu da ƙarfe huɗu na yamma ake take su, don haka in raga ta fuskanci yamma, gola ɗaya zai yi minti 45 rana na cikin idonsa. Dalilin nan ne kuma ya sa ake gina babbar rumfar 'yan kallo a ɓangaren yamma. Wajen fitar da kusurwa, igiya da tef sun isa: a auna mita 3 a layi ɗaya, 4 a ɗayan, in tsakaninsu ya ba da 5 kusurwa ta miƙe. In an gama, a auna daga kwana zuwa kwanar da ke kallonta a karkace. Dole duka biyun su ba da mita 125 da 'yan santimita 10. Kaurin layi kada ya wuce santimita 12, kuma da fentin ruwa ake jansa. Masu zuba baƙin mai ko maganin kashe ciyawa don layi ya daɗe suna haƙa wa kansu kwari ne, domin bayan damina ɗaya wurin zai lotsa, ƙwallo ta riƙa tsalle a kai, idon sawu ya riƙa gurɗewa.

Kuskuren da ya fi kowane tsada tun ranar cike fili ake yinsa. A kawo tifa-tifa na jan ƙasa ko laka, a sa motar danne titi ta bi ta kai, a baza 'yar baƙar ƙasa a sama a dasa ciyawa. Irin wannan fili a watan Agusta ruwa zai kwanta masa kwana biyu, a watan Maris kuma ya yi taurin da ƙusar takalmi ba ta shiga. Yadda ya kamata shi ne a daidaita ƙasan, a bar tsakiya ta ɗara gefe da santimita 20 zuwa 30 don ruwa ya gangara, a haƙa magudanai a binne bututu mai huji-huji duk bayan mita 5 zuwa 8, a rufe su da tsakuwa, sannan a shimfiɗa santimita 25 zuwa 30 na ƙasar da saiwa za ta zauna ciki, mafi yawanta yashi. Mu a nan Allah ya ba mu jigawa, ba ma fama da riƙe ruwa kamar mutanen kudu. Matsalarmu akasin haka ce: ruwa da taki suna zurarewa kafin saiwa ta amfana. Maganinta a cakuɗa ƙasar saman da takin gargajiya da ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin shanu yana zuwa da irin ciyawa iri-iri, yana kuma kiran gara.

Ruwa shi ne gaba ɗayan maganar, kuma a nan ne nake so duk mai niyyar yin filin ciyawa a Katsina ko Daura ya tsaya ya ɗauki biro. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ciyawa na iya shan milimita 7 a yini. Sau 7,140, ya tashi lita dubu 50 kowace rana, wato tankar ruwa mai lita 10,000 har biyar. Rijiyar burtsatse da ke ba da lita 2,500 a awa sai ta yi awa 20 tana aiki kafin ta cika wannan. Ma'ana burtsatse ɗaya ba ta riƙe fili ɗaya a bazara, kuma ba a ba da ruwa kai tsaye daga rijiya. Ana buƙatar rijiya biyu ko uku masu aiki da sola da rana, su tara a ma'ajiya mai cin aƙalla lita dubu 100, abin kwana biyu ke nan, sannan wani famfo dabam mai ƙarfi ya tura zuwa kawunan feshi. Kuma a gwada yawan ruwan rijiyar a watan Afrilu, ba a Satumba ba. Ruwan famfo na gari, wanda ke zuwa daga dam ɗin Ajiwa, na sha ne. Bai dace a yi lissafin ciyawa da shi ba.

Filin ciyawa lambu ne, kuma duk wanda ya ga yadda manoman rani ke yi a bakin dam ɗin Jibiya ya san abin da ake nufi: in ka yi fashin ban ruwa mako guda a bazara, ka yi asarar aikin wata uku. Da asuba ake ba da ruwa, kafin iska ta tashi. Don a san ko feshin yana isa ko'ina daidai, a jera gwangwanayen madara guda 20 a faɗin filin, a kunna minti 30, a auna zurfin ruwan kowanne da rula. In wani ya tara ninkin wani, nan da wata guda za a ga taswirar bambancin a jikin ciyawar. A hunturu buƙata tana raguwa, girman ciyawa ma yana ja baya saboda sanyin dare, to a lokacin rami ba ya saurin cikewa, sai a rage yawan takawa.

Irin ciyawar da ke jure ƙasarmu ita ce kiri-kiri, wadda ake kira Bamuda a kasuwar masu furanni. Tana yaɗo ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa take ɗinke raunin kanta. Farkon damina ake dasa yaɗonta, a rufe filin mako 10 zuwa 12 ba mai takawa, ko da wane ne ya roƙa. Tsayin da ake so santimita 2.5 zuwa 3, ana aske ta sau biyu ko uku a mako a damina, kuma ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a aski guda. Wanda ya bari ta kai santimita 10 sannan ya kwashe ta jajibirin wasa, zai wayi gari da fili ruwan ƙasa. Taki kuwa, buhun yuriya mai kilo 50 ya ishi fili guda wata guda, kuma ya fi kyau a raba shi biyu, a bi shi da ruwa nan take, in ba haka ba ya ƙone ganye. Sau uku ko huɗu a shekara a huda filin zurfin santimita 10 zuwa 15 don iska da ruwa su shiga, a baza yashi mai tsabta. Kaurin milimita 5 kawai yana cin yashi kubik mita 36. Aya-aya ba ta mutuwa da yanka, sai an tono ƙwayarta ko an sa maganin da aka yi dominta. Ƙarangiya da tsidau a tuge su kafin su yi 'ya'ya. A gefe kuma a ware ɗan wuri mai murabba'in mita 200 ana renon ciyawa, don bakin raga da tsakiyar fili su ne ke fara sanƙo, sai a yanko a liƙa.

Bayan duk wannan wahala, filin ciyawa awa 6 zuwa 10 yake ɗauka a mako. Nan ne lissafin farko ya dawo: manya kaɗai sun cinye wannan.

Shi ya sa filin roba ke da wurinsa a ƙasa irin tamu, yana ɗaukar awa 40 ko fiye a mako. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayar wa shugabanni da shi a matsayin filin da ba ya son kulawa. Zarensa santimita 5 zuwa 6 ne, yashi da ɓarɓashin roba da ake zubawa a tsakani su ke tsayar da shi, su ke kuma tare nauyin faɗuwa. Takawa da ruwan sama suna kwashe ɓarɓashin daga wurin fenareti da bakin raga, zaren ya kwanta, rana ta cinye shi. Ana so a ja masa buroshi duk bayan kimanin awa 10 na amfani, a riƙa auna zurfin ɓarɓashin ana cikawa, a liƙe duk haɗin da ya ɗaga kafin ya kama ƙafar wani. Ƙurar hunturu tana shiga ta toshe shi, in ruwan farko ya sauka ta dunƙule ta yi tauri, don haka kafin damina sai an sa injin da ke tono ɓarɓashin ya tace ya mayar. Da tsakar rana a bazara samansa na iya wuce digiri 60, zafin yana ratsa takalmi. Watsa ruwa yana sanyaya shi na ɗan lokaci ne kawai. Takalmi mai doguwar ƙusa yana cijewa a roba, ƙafa ta tsaya gwiwa ta juya, don haka a nemi mai gajerun ƙusoshi masu yawa. Rayuwarsa shekara 8 zuwa 10 ce. Duk wanda ya shimfiɗa shi bai fara ware kuɗin sauya shi tun shekarar farko ba, ya bar wa na bayansa kafet a kan dutse. FIFA tana da shaidar inganci mataki-mataki, kuma babbar, wadda ake nema don wasan ƙwararru, duk shekara ake sake gwajinta.

A ganina, tsarin da ya dace da kulob a Katsina shi ne filin atisaye mai fili biyu cikakku, ɗaya roba ɗaya ciyawa, da ƙaramin wuri na masu tsaron gida, a fegi mai hekta 3 zuwa 4, da katanga saboda awaki da masu yanke hanya da babur. A shuka bedi, wato darbejiya, ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, amma a nisanta shi da fili aƙalla mita 15, don kiri-kiri ba ta son inuwa, saiwar bedi kuma tana bin bututun ruwa. A samu raguna masu ɗaukuwa domin a riƙa sauya wurin da ake takawa, kuma kowace a kafe ta da turaku ko a danne ta da buhunan yashi. Ragar ƙarfe da ba a ɗaure ba ta sha faɗo wa yara a ƙasashe da dama, wasu har sun rasa rai. Sauran abubuwan ba su da wuya: ɗakin sauya kaya da banɗaki mai ruwa, ɗakin jinya da gado biyu da firjin ƙanƙara, sito mai makulli, wurin ɗaga ƙarfe ko da rumfa ce, da masallaci. Atisaye da safe daga bakwai zuwa tara, amma sau ɗaya ko biyu a mako a yi shi a daidai lokacin wasa don jiki ya saba da zafin. A auna nauyin kowane ɗan wasa kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, ya sha lita ɗaya da rabi kafin gobe. Da azumi, aiki mai nauyi ya koma bayan shan ruwa, wanda ke nufin ko fitila huɗu ce a samu a filin.

Shi kansa sitadiyam, abin da zan tsaya a kai ba kujeru ba ne. Ƙofofin fita su riƙa buɗewa waje, kada a sa musu kwaɗo alhali mutane na ciki, kowace da mai tsaronta har a tashi. A buɗe ƙofar shiga awa biyu kafin wasa, a kuma tanadi wurin alwala da salla a ciki, domin wasan ƙarfe huɗu yana karo da La'asar, kuma turereniyar da ake yi a ƙofa yawanci ta mutanen da suka idar da salla suka taho a lokaci guda ce. Alƙalan wasa da baƙi su sami hanyarsu daga mota zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa fili, wadda ba ta ratsa 'yan kallo. Kulob da ya gaza a nan tara zai biya, a kwashe masa maki, ko a kora shi wani gari ya yi wasannin gida babu magoya baya.

Sai maganar rai. A ranar 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, bai tashi ba, kuma rahotannin lokacin sun ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Tun Agusta 1989 ƙasar nan ta ga irin haka da Samuel Okwaraji a Legas. Ɗan wasan da ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsa kira, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar da akasin haka. Ba fifita ba, ba watsa ruwa ba, ba cusa cokali a baki ba. A fara danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, wani ya rugo da na'urar farfaɗo da zuciya, AED, a manna ta cikin minti uku. Duk mintin da ya wuce ba a yi haka ba, damar tsira na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Na'urar tana faɗin abin da za a yi da murya, ko mai ɗebo ƙwallo zai iya koyo. Kuma tunda awannin atisaye sun ninka na wasa fiye da sau goma, a filin atisaye aka fi buƙatarta. A riƙa duba batirinta duk wata, a tada motar asibiti a gaban kwamishinan wasa kafin a busa usur.

Makarantar yara ba tara yara 80 a bayan koci ɗaya da ƙwallo uku ba ce. Ƙa'idar lasisin kulob ta FIFA ta ce a samu aƙalla ƙungiya ɗaya ta 'yan shekara 10 zuwa 14, da wata ta 15 zuwa 21. Yaro ɗan shekara 10 ba ya koyon komai a fili mai mita 105, gudu kawai yake yi, babba cikinsu ya riƙa dukan ƙwallo gaba. 'Yan 9 da 10 su buga bakwai-bakwai a fili mai mita 55 da 37, 'yan 11 da 12 tara-tara a 73 da 46, da ƙwallo lamba 4. Lamba 5 da cikakken fili sai wajen shekara 14. Fili guda na roba yana yankuwa ya ba da ƙananan filaye biyu a kwance, har da sarari a tsakani. Koci ɗaya kada ya wuce yara 16, kowane yaro da ƙwallonsa ko ɗaya tsakanin biyu.

Lokaci shi ne abin da ke kashe irin waɗannan makarantu a garinmu. Yaro yana boko da safe, yana Islamiyya bayan La'asar, daidai lokacin da rana ta yi sanyin da za a iya wasa. Kocin da ya ce yaro ya zaɓa tsakanin ƙwallo da Islamiyya ya riga ya faɗi, kuma gaskiyar uban ce. Abin yi shi ne a gina jadawali a kan Alhamis da Juma'a da yamma, ranakun da yawancin Islamiyyu ke hutu, a ƙara da safiyar Asabar ko Lahadi gwargwadon tsarin unguwa, ko kuma kulob ya ɗauki malaminsa. A riƙa karɓar sakamakon jarrabawar kowane zango. Cikin yara 100 da suka shiga, 'yan kaɗan ne ƙwallo za ta ciyar, sauran da takardar sakandare za su nemi abinci.

Kafin yaro ya taka fili a yi masa gwajin jini na sikila a san ko AA ne, AS ko SS, a tambayi iyaye ko ya taɓa suma yana gudu, ko an taɓa mutuwar fuju'a ta matashi a dangi. Mai AS yana wasa har ya zama ƙwararre, amma koci ya sani, kada a matsa masa cikin tsananin zafi ko yana fama da zazzaɓi. A auna tsayin yara duk wata uku. Wanda ya shiga shekarar saurin tsawo, yawanci tsakanin 13 da 15, zai fara kukan ciwo ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ko a dunduniya, taɓa ƙwallonsa ma ta lalace na ɗan lokaci. Ba lalaci ba ne, ƙashi ne ya riga jijiya. A rage masa tsalle da gudu, kada a sallame shi. In akwai ɗakin kwana, gidan sauro da rigakafin sanƙarau wajibi ne, kada a cunkusa yara a ɗaki mara taga a bazara, kuma kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki, ko wane ne shi. Abinci ba sai na kanti ba: wake, ƙwai, awara, ƙuli-ƙuli, fura da nono, zogale, tuwo da miya mai nama sau da yawa a mako.

Shekaru kuma a faɗi gaskiya. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma a 2016 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin MRI na wuyan hannu ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da mu. Gwajin yana duba ko ƙashin wuyan hannu ya gama haɗewa. Ɗan shekara 20 da aka sa cikin 'yan 15 yana cin gasa, yana kuma danne yaron da ya fi shi baiwa. A karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN da shaidar makarantar firamare tun ranar farko, a ga sun yi daidai da juna.

Takardun nan su ne dukiyar makarantar. Dokar FIFA ta hana kai yaro ƙasar waje kafin ya cika 18, sai a 'yan wurare da aka togace. Ahmed Musa sai da ya cika 18 a Oktoba 2010 ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan, Victor Osimhen ma sai Janairu 2017 ya koma Wolfsburg ta Jamus duk da ƙwallo 10 da ya ci a kofin duniya na 2015. Duk dillalin da ya ce wa uba ya sayar da gona zai kai ɗan shekara 15 gwaji Turai, ƙarya yake yi. Akwai togaciyar da ta shafe mu: yaron da gidansu bai wuce kilomita 50 daga kan iyaka ba zai iya rajista da kulob na ƙetare wanda shi ma bai wuce 50 ba, muddin yana kwana gidan iyayensa kuma hukumomin ƙasashen biyu da FIFA sun amince. Masu makaranta a Jibiya da Daura da Mai'aduwa da ke karɓar yaran Nijar su san da wannan, su bi ta hanyarta. Kwantiragin ɗan ƙasa da 18 kuma ba ya wuce shekara uku.

Kuɗin reno iri biyu ne. Na farko diyyar horarwa, wadda kulob ɗin waje ke biya in ya ba ɗan wasa kwantiraginsa na farko na ƙwararru, kuma da ajin kulob mai ɗauka ake lissafi. A Turai aji na ɗaya yuro 90,000 ne kowace shekara, na biyu 60,000, na uku 30,000, na huɗu 10,000, amma shekarun 12 zuwa 15 da farashin aji na huɗu ake lissafa su. Yaron da ya zauna a makaranta daga shekara 12 zuwa 17, kulob mai aji na uku ya ɗauke shi, ya jawo 40,000 da 60,000, jimla yuro 100,000. Na biyu shi ne kashi 5 cikin 100 na kuɗin duk cinikin da aka yi da shi tsakanin ƙasashe, wanda ake raba wa waɗanda suka rene shi daga 12 zuwa 23: kowace shekara daga 12 zuwa 15 kashi 0.25, daga 16 zuwa 23 kashi 0.5. Yaron nan dai, in aka sayar da shi yuro miliyan 2, makarantarsa na da kashi 2, wato 40,000, kuma duk sanda aka sake irin wannan cinikin za ta sake samu. Irin wannan kuɗi ne makarantu kamar Génération Foot ta Senegal, inda Sadio Mané ya fito, da Right to Dream ta Ghana, inda Mohammed Kudus ya fito, kan samu. A gida ma Remo Stars, wadda ta ci gasar NPFL a 2025, tana da filinta da makarantar Beyond Limits a Ikenne.

Tun Nuwamba 2022 ofishin FIFA da ke Faris ne ke karɓar waɗannan kuɗaɗe ya rarraba, kuma da fasfon ɗan wasa na intanet, wato kundin wuraren da ya taɓa rajista, yake aiki. Shekarar da ba a shigar da sunan yaro ƙarƙashin makaranta ta hannun hukumar ƙwallon jiha da ta ƙasa, NFF, ba, babu ita, ko da duk unguwa ta shaida cewa kocin ne ya saya masa takalmin farko. Don haka a yi wa makarantar kanta rajista, a sabunta rajistar kowane yaro duk shekara, a adana kwafin da yardar iyaye a rubuce. Ƙananan kulob na Turai sukan nemi a yafe musu diyyar horarwa kafin su ɗauki yaro. Ba laifi a yarda, amma a maimakonta a nemi kaso daga cinikinsa na gaba, a rubuta a cikin yarjejeniyar da za a shigar a tsarin cinikin 'yan wasa na FIFA, wani lauya ya karanta kafin a sa hannu. Asusun bankin da za a bayar ya zama da sunan makarantar kamar yadda yake a takardar rajistarta, domin ofishin na Faris yana tantance mai karɓa kafin ya saki kuɗi, kuma ba ya turawa asusun shugaba ko na koci.